Yawon hamadar Arizona da Kalifoniya da mota mai ɗaki a lokacin sanyi

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka da iyalina, ni da uwargida da yara biyu. Muna son mu ɗauki hayar motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki, wadda suke kira RV, mu yi kwana goma muna zaga hamadar Arizona da Kalifoniya a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Ban taɓa tuƙa irinta ba. Abokan aiki na ce mini lokacin ne ya fi daɗi saboda babu zafi. Wace irin mota zan ɗauka, ina za mu kwana, kuma me ya kamata in ji tsoro idan za mu riƙa tafiyar ƙasa da yara a cikin duwatsu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abokan aikinka sun faɗi gaskiya, amma rabinta suka faɗa. Zafin da ya sa ake tsoron wannan yanki, irin wanda aka auna a Furnace Creek da ke kwarin Death Valley na Kalifoniya ranar 10 ga Yulin 1913 ya kai digiri 56.7 a ma'aunin Celsius, ba za ka gamu da shi a Disamba ba. Abin da zai ba ka wahala shi ne sanyin dare, da batirin motar, da ruwa, da gajartar yini. Duk wanda ya yi hunturu a Agadas ko Damagaram ya san yadda rana ke gasa mutum da azahar, asuba kuma ta zo da sanyin da ke hana taɓa ruwan buta. Haka hamadar can take, sai dai akwai ƙarin abu guda: ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tuddai ne da kwaruruka, kuma tsayin wurin da ka kwana shi ne zai yanke maka irin daren da za ka gani.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 zuwa 7. Furnace Creek a Death Valley yana ƙasa da tsayin teku, a Janairu rana na kaiwa wajen digiri 19, dare kuma wajen 4. Quartzsite da Yuma da Borrego Springs su ma a ƙasa suke, darensu da dama-dama. Sansanin Jumbo Rocks da ke gandun ƙasa na Joshua Tree kuwa ya haura mita 1,300, ruwa na daskarewa a can da dare, wani lokaci har dusar ƙanƙara ta sauka. Flagstaff da bakin Grand Canyon na kudu sun kai mita 2,100, hunturu ne sosai da ƙanƙara a kan titi. A taswira duk suna kama da maƙwabta. Ga wanda bai taɓa tuƙa irin wannan mota ba, shawarata ita ce ku kwana a ƙasa, ku hau sama da rana ku dawo. Grand Canyon a bar shi sai wata tafiyar.

Motar da za ka ɗauka

Iri uku ake ba da haya. Akwai mai kama da babbar bas, akwai ƙarama mai kama da motar kaya da aka mayar ɗaki, akwai ta tsakiya mai gado a saman kan direba, wadda suke kira aji C. Ta tsakiyar ce ta dace da mutum huɗu, kuma lasisin tuƙinka na yau da kullum ya isa. Abin da zan nace a kai shi ne tsawo: kada ta wuce ƙafa 25. Masu ba da haya za su kwaɗaita maka mai ƙafa 30 saboda faɗin ciki, amma hanyar Artists Drive da ta hawa Dante's View a Death Valley, da ta Ajo Mountain a Organ Pipe, da sansanin Hidden Valley a Joshua Tree, duk sun hana abin da ya wuce ƙafa 25. Ƙarin ƙafa biyar ɗin zai rufe maka wuraren da ka je gani.

Kafin ka sa hannu a takarda, nemi amsar abubuwa uku: mil nawa aka ba ka kyauta a rana da kuɗin abin da ya haura, nawa ne kuɗin sa'a guda ta janareta, sannan ko an yarda motar ta taka hanyar da ba kwalta. Na ukun ne mutane ke tsallakewa. Kamfanoni da yawa sun haramta hakan, kuma inshorarsu ba ta biyan ɓarnar da ta auku a kan tsakuwa, alhali galibin wuraren kwana na kyauta sai an bi irin wannan hanya. Ka kuma tambaya ko an zuba wa bututun motar maganin hana daskarewa, domin wadda aka yi wa haka famfonta ba ya aiki sai an wanke shi. Man fetur kuwa, ka lissafa mil 8 zuwa 10 a galan. Tafiyar mil 1,000 za ta sha galan 110 ko kusa da haka.

Rubuta tsayin motar a takarda ka manna a gaban sitiyari, yawanci ƙafa 11 zuwa 12 ne, saboda rumfar gidan mai da rassan itace. Bayanta yana fita waje idan ka sha kwana, don haka a gidan mai ake yawan gogarta. Duk lokacin da za ka yi baya, uwargida ta sauka ta tsaya inda kake ganinta a madubi.

Gangara da iska su ne haɗarin tuƙi na gaske. Idan ka shiga Death Valley ta yamma, titin 190 zai hau da kai Towne Pass, kusan mita 1,500, sannan ya gangaro mil da yawa ba hutawa. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji warin ƙonewa kafin ya kai ƙasa, birkin ya yi laushi ya daina kamawa. Sa ƙaramar giya tun kafin gangarar ta fara, inji ya riƙe motar, birki kuma ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki. Shiga ta gabas, daga Las Vegas ta Pahrump, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Iska kuma tana bugun gefen motar kamar bango, musamman a mashigar San Gorgonio kusa da Palm Springs. Idan an yi gargaɗin iska ga dogayen motoci, ku zauna inda kuke. Idan guguwar ƙura ta rutsa ka a Arizona, abin da hukumar hanyoyinsu ke koyarwa shi ne ka fita daga kwalta gaba ɗaya, ka kashe duk fitilu, ka ɗage ƙafa daga birki, don kada na baya ya bi hasken fitilarka yana zaton hanya ce.

Batir da hita

Nan ne sababbi ke shan mamaki. Hitar motar da iskar gas take aiki, amma fankar da ke hura ɗumin daga batirin ɗaki take ci, wajen amfiya 7. Motocin haya da yawa batir ɗaya ke gare su mai ƙarfin amfiya-sa'a 80 zuwa 100 (wato amfiyar da ake ci sau yawan sa'o'in da ake cinta), kuma irin na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Kenan abin da ke hannunka 40 zuwa 50 ne. Idan hitar ta yi aikin sa'a biyar a cikin dare ta ci 35, ga fitilu, ga famfon ruwa, ga firji, ga cajin wayoyi. Shi ya sa ake farkawa ƙarfe huɗu na asuba a tarar hita ta mutu, gas na nan cike, na'urar gargaɗi na ƙara saboda wuta ta yi ƙasa.

Maganin ba wuya. A kunna janareta sa'a biyu kafin magariba, a cikin lokacin da sansanin ya yarda, domin wuraren gwamnati suna da sa'o'in da aka ƙayyade kuma dare ba ya ciki. A saita hita a digiri 12 ko 13 kawai, sauran aikin bargo da safa da hular sanyi su yi. Bayan kowane dare biyu ba wuta, a kwana ɗaya inda ake jona lantarki. A can ƙaramar hitar lantarki mai wat 1,500 ta isa ɗaki, amma layin amfiya 30 ne, idan aka haɗa ta da butar lantarki da na'urar ɗumama abinci wuta za ta yanke. Gas ɗin ma a sa masa ido: hita mai matsakaicin girma na ƙona kusan sulusin galan a kowace sa'a da take ci, tankin kuma kashi 80 cikin ɗari kawai ake cika shi.

Abu ɗaya da ba sassauci a cikinsa: kada a kunna murhun girki don jin ɗumi, kada a shigo da gawayi. Mu da muka tashi da kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu mun san labarin waɗanda suka kwanta ba su tashi ba, kuma ɗakin mota ya fi ɗakin soro ƙanƙanta da toshewa. Danna maɓallin gwajin na'urar gano hayaƙi mai guba tun a wurin karɓar mota. A bar ƙaramar tagar rufi a ɗan buɗe da dare, in ba haka ba numfashin mutum huɗu zai zama raɓa a gilashi ya jiƙe katifar saman direba.

Ruwa

Tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Na farkon a irin motarka wajen galan 40 ne, lita 150 kenan. Ruwan sha a saya daban a jarka, lita 4 ga kowane mutum a yini, wanda shi ne ma'aunin da hukumar gandayen ƙasa ke bayarwa. A sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa amma busasshiyar iska na tsotse shi, ciwon kai da tsagewar leɓe ne ke fara nunawa, yara kuma sai an riƙa miƙa musu.

Lissafin da masu haya ke yi bai san da alwala ba. Wanda ya buɗe famfo ya yi alwala zai iya zubar da lita uku ko huɗu, da buta kuwa lita ɗaya ta wadatar. Manya biyu sau biyar a yini, bambancin ya kai lita ashirin ko fiye, a kwana uku ya zama fiye da sulusin tanki. Ku tafi da butoci biyu. Tsarki da ruwa kuma alheri ne ga tankin bayan gida, domin ƙarancin ruwa da yawan takarda ne ke toshe shi, sai dai zai cika da wuri. Wanka: a jiƙa jiki, a kashe, a sa sabulu, a ɗauraye. Da wannan tsari lita 150 za ta kai ku kwana uku zuwa huɗu.

Wurin zubarwa, sa safar hannu, jona tiyo sosai, fara buɗe na bayan gida, idan ya gama ka rufe, sannan ka buɗe na wanke-wanke ya ɗauraye tiyon. Ko kana sansanin da ke da magudana, kada ka bar na bayan gida a buɗe, ruwan zai tsiyaye ya bar tudun da ba ya fita. A daren da aka ce zai sauka ƙasa da sifiri, cire tiyon ruwa na waje ka zazzage shi, buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke ɗumi ya shiga, ka bar hitar gas tana aiki. Sanyin sa'a biyu ko uku kafin asuba ba kasafai yake fasa bututu ba idan rana za ta fito da zafi. Dare mai tsananin sanyi a jere shi ke ɓarna, kuma kuɗin gyaran a wuyanka yake.

Inda za a kwana

A Joshua Tree babu sansanin da ke da lantarki, kuma yawancinsu ba ruwa. Black Rock da Cottonwood ne ke da famfo da wurin zubar da tanki. Cottonwood yana gefen kudu, ya fi ƙasa, ya fi ɗumi, shi zan zaɓa wa iyali. A Death Valley, sansanin Furnace Creek na da 'yan wurare masu lantarki da ake wawashewa da wuri, Sunset da ke tsallaken titi kuma fili ne na tsakuwa wanda ba safai yake cika ba. A yawancin sansanonin nan ana kama wuri ta shafin Recreation.gov tun wata shida kafin lokaci, kuma makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara shi ne mafi cunkoso. Idan za ka iya, matsa tafiyar zuwa mako na biyu na Janairu. Katin shiga gandayen ƙasa na shekara dala 80 ne ga mazauna Amurka, ya kuma rufe duk waɗanda ke cikin motar.

Sai filayen BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, inda ake kwana kyauta har kwana 14. Cibiyar wannan al'ada ita ce Quartzsite, mahaɗar titin 10 da 95, ƙaramin gari da ke cika maƙil da masu gudun sanyin arewa a Janairu, lokacin kasuwar duwatsu masu daraja da baje kolin motocin RV. Ƙasar wurin tauri gare ta, tsakuwa ce a daddale, ta fi rairayi aminci ga mota mai nauyi. Idan kun je, ku leƙa maƙabartar garin: akwai kabari mai siffar dala da raƙumi a samansa, na Hajji Ali, wanda Amurkawa suka mayar Hi Jolly, mai kula da raƙuman da sojan Amurka suka shigo da su a shekarun 1850. A nan ya rasu a 1902. Yara za su so labarin.

Duk inda ka tsaya a fili, kada ka kwana a cikin busasshiyar korama, ko da ta fi ko'ina laushi da inuwa. Ruwan da ya sauka a dutse mai nisan mil ashirin zai iso maka sama tana garau. Ambaliyar Agustan 2022 da ta guguwar Hilary a 2023 sun yayyanke titunan Death Valley, don haka duba shafin gandun kafin ka tashi ka ga hanyoyin da ke buɗe. Sauka ka taka wuri da ƙafa kafin ka shigar da mota, kuma ka isa da sauran rana.

Tafiyar ƙasa

Yinin gajere ne ƙwarai. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar a ɓangaren Kalifoniya, a cikin kwazazzabo kuma duhu da sanyi na riga haka. Idan ka tsallaka kogin Colorado zuwa Arizona agogo na ƙaruwa da sa'a ɗaya, a kula da wannan wajen lokutan salla. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas, ta fi karkata ga arewa. A fita da ƙarfe tara, a sa lokacin juyawa, misali ƙarfe biyu, ko an kai ko ba a kai ba. Idan rabin ruwa ya ƙare, shi ma juyawa ake yi. Kowa da tocilarsa, da rigar sanyi a jaka ko da an fita ana gumi. Rigar auduga idan ta jiƙe da zufa tana riƙe sanyi, ta ciki ta zama irin ta 'yan wasanni mai saurin bushewa. Sabis na waya babu shi a yawancin wuraren nan, a sauke taswira tun a gari, a kuma gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

Da yara, fara da gajeru. Zagayen Hidden Valley mil ɗaya ne a tsakanin manyan duwatsu. Badwater, mita 86 ƙasa da teku, fili ne na gishiri ba hawa ba sauka. Tuddan rairayi na Mesquite Flat sun fi kyau da sassafe, Zabriskie Point kuma 'yan taku ne daga wurin ajiye mota. Idan sun nuna ƙarfi, Golden Canyon, ko Borrego Palm Canyon mai kusan mil uku zuwa da dawowa, inda ake ganin tumakin dutse. Ryan Mountain mil uku ne da hawan ƙafa 1,000, iskar samansa na yanka, sai manyan yara.

Macizai masu kaɗa wutsiya suna ɓuya a sanyi amma suna fitowa shan hantsi a rana mai ɗumi, don haka kada yaro ya sa hannu a ramin da bai ga cikinsa ba. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Abin da ya fi su yawan cutar da baƙi shi ne wata shuka mai ƙaya da ake kira cholla, wadda gaɓarta ke ɓallewa ta manne wa duk abin da ya goge ta. Ba a cire ta da hannu, sai ta kama hannun. Mataji ake zurawa tsakaninta da fata a fizge, sauran ƙayoyin a bi da matsefata.

Akwai kuma ciwon da ba a cika gaya wa masu yawon buɗe ido ba, wanda suke kira zazzaɓin kwari. Wani naman gwari ne da ke cikin ƙasar kudancin Arizona da sassan Kalifoniya, ana shaƙarsa a ƙura. Yawancin mutane ba sa ma sanin sun kamu, amma hukumomin lafiyar Amurka sun bayyana cewa baƙaƙen fata, da masu juna biyu, da masu ciwon sukari ko raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗarin ya yi tsanani. Wannan bai isa ya hana tafiya ba. A dai guji tsayawa cikin ƙura, a rufe tagogi ran iska, yara su bar tonon ƙasa. Idan wani ya kama tari da zazzaɓi da kasala mako ɗaya zuwa uku bayan dawowa, a gaya wa likita inda aka je, domin likitan wata jiha ba lallai ya kawo shi a ransa ba. Mai juna biyu ko mai ciwo na dindindin, maganar likitansa ce gaba da tawa.

Ga mu baƙi akwai batun takardu. Titunan da ke tasowa daga iyakar Meziko, kamar 85 daga Organ Pipe da 86 ta gefen Salton Sea, suna da shingayen jami'an iyaka da ke tsayar da motoci su yi tambaya. Kowa ya riƙe takardar zamansa ta asali. Wanda batun takardunsa ke gaban hukuma ya tuntuɓi lauyansa kafin ya sa waɗannan hanyoyi a tsari.

Kwana goma ba su isa a haɗa komai ba, kuma mota irin wannan mil 200 a yini ya ishe ta. Da ni ne mai tsarawa, daga Las Vegas zan karɓa, in yi sayayyar nama na halal da kayan abinci a can tunda ƙananan garuruwan hamada ba su da shi, daren farko a kwana kusa inda akwai lantarki don a koyi maɓallan motar. Sai kwana uku a Death Valley, yini guda na tuƙi zuwa kudu, kwana biyu a Cottonwood, biyu a Borrego Springs ko Quartzsite, na ƙarshe a hanyar komawa. Tankin mai kada ya sauka ƙasa da rabi, domin tsakanin gidajen mai akwai nisa, kuma janareta da kansa yana daina aiki idan man ya kai kusan rubu'i. Ran mayarwa, a zubar da tankuna biyu, a cika fetur da gas tun da safe, a ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a miƙa makulli.